Karatun injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna (FUT Minna): yaya abin yake?

Mai tambaya daga Mabera, Sakkwato: Assalamu alaikum. Ƙanena na son karanta injiniyan lantarki a FUT Minna. Yaya makarantar take, kuma me zai shirya?

Tsohon ɗalibi: Wa'alaikumus salam, Malam. An kafa ta a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ke buɗe jami'o'in fasaha. Harabarta biyu ce: Bosso cikin gari, sai Gidan Kwano a kan hanyar Bida, inda injiniyoyi suke. Karatun shekara 5 ne. A aji huɗu ana tafiya SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, wata shida. A JAMB ya zaɓi Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri; kuskuren haɗin nan kan hana yaro gurbi ko makinsa ya kai.

Wata malama: Matsalar dai masauki ce. Gadajen makaranta ba sa isa, yawancin ɗalibai haya suke kamawa a Gidan Kwano. Kafin ya biya kuɗin shekara, ya duba ko gidan na da rijiyar burtsatse, don da rani ruwa na wuya. Hanya kuwa ta Yauri da Kontagora ce, ya kama motar asuba.