Rabin aji a makarantar gwamnati: yana ƙara wa yaro wani abu kuwa?

Maman Walid, Kofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da suka riga ni gani. Ɗana ya cika shekara 5, kuma firamaren gwamnati ta unguwarmu tana da rabin aji, amma ranar da na leƙa na tarar yara sun fi ƙarfin ɗakin, malama guda tana ta fama da su a kan tabarma. Mahaifinsa ya ce a bar shi a makarantar allo har ya isa aji ɗaya, ni kuwa ina tsoron kada sa'o'insa su wuce shi.

Malam Bishir, Daura:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda kafin firamare, saboda haka haƙƙin ɗanki ne. Na daɗe ina koyar da aji ɗaya, kuma tun makon farko nakan gane wanda ya yi rabin aji, domin ya iya riƙe fensir, ya san jiran layi, ba ya kuka idan yayarsa ta tafi ajinsu. Wanda bai yi ba yakan cinye zangon farko yana koyon zama kawai.

Malama Rabi, Sabuwar Unguwa:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai akwai sharaɗi. Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Perry, wani shirin rabin aji da aka fara a jihar Mishigan ta Amurka a 1962 da yara 123 'ya'yan talakawa, aka sa wasu a shirin aka bar wasu, aka bi rayuwarsu har suka kai shekara 40, aka ga waɗanda suka shiga shirin sun fi kammala sakandare da samun abin yi, kuma ba a kama su da laifi kamar sauran ba. To amma a wancan shirin malama guda ba ta riƙe fiye da yara shida, kuma duk mako tana zuwa gida ta zauna da uwar yaro. Shirin Head Start kuwa, na yaran da ba su isa firamare ba, wanda gwamnatin Amurka ta fara a 1965 ta baza ko'ina, da aka auna shi sai aka ga fifikon da yaran suka samu a karatu ya dusashe kafin su gama aji uku. A ganina ajin da Hajiya ta kwatanta ya fi kama da wurin ajiyar yara, musamman idan malamar da aka tura ba ta karanci renon ƙanana a kwalejin ilimi ba, kawai an ga ba ta da aji ne.

Malam Bishir:
Ban musa ba, Malama, amma ajin da ya cika ya fi zaman ƙofar gida. Hajiya ta koma da safe ta tsaya rabin awa, ta ga ko malamar tana yi musu waƙa da tatsuniya da Hausa, ko kuwa bulala ce a hannunta ana haddar ABCD. Allo kuma ba ya hana wannan, tun da ana iya zuwa da yamma.

Maman Walid:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan je tare da mahaifinsa, domin ya gani da idonsa kafin mu yanke.