Yasar kogi ko titi: me Haɗejiya za ta fara nema a wurin gwamnatin tarayya?

Malamin makaranta, Haɗejiya: Salamu alaikum jama'a. 'Yan takarar Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun fara zagaye. Ga maganar da ake ja a kanta: kada mu miƙa musu buƙatu goma, mu tsaya a kan guda, wato yasar Kogin Haɗejiya da kashe kacalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Titi da sauransu su jira. Wa ya yarda, wa ya ƙi?

Injiniyan ruwa: Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda. Kogin nan daga Kano ya taso, ya ratsa Jigawa, ya shiga Yobe, kuma madatsun ruwan Tiga da Challawa duk suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Gwamnan jiha ba shi da iko a kan yawan ruwan da za a saki. To in za a roƙi Abuja, a roƙe ta abin da ita kaɗai ke riƙe da makullinsa.

Kafin a gama Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kogin kan janye da rani, ƙasa ta bushe, ciyawa ta mutu. Yanzu ruwa na tafiya rani da damina, marar zurfi, marar gudu, irin wanda kacalla ke so. Ita kuma sai ta tare laka, hanyar ruwa ta cike, damina na zuwa ruwa ya haura gonaki. Abin da aka gani ke nan a 2022 daga Ringim har Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri.

Alhaji mai fataucin shinkafa: Injiniya, ban ƙi taka ba, amma ambaliya ta wata biyu ce, titi kuwa na wata goma sha biyu. Buhu ba ya da daraja sai ya isa kasuwa. In hanya ta lalace, direban tirela ya ƙara kuɗin ɗauka, dillali ya cire daga farashin manomi. Kuma titi ana ganinsa da ido. Yasar kogi fa? Ɗan kwangila ya ce ya kwashe laka kaza, ruwa ya rufe wurin, wa zai nutsa ya auna?

Injiniyan ruwa: Ana aunawa, Alhaji. Kafin a fara, a ɗauki faɗi da zurfin kogi a tazara-tazara, a kafa turakun siminti a gaɓa masu lamba, bayan aiki a sake aunawa a wurare guda. Bambancin shi ake biya. Inda ake cin kuɗin shi ne a ba da aiki babu awon farko. Sannan titin da kake so, me ke cinye shi? Ruwa ne ke kwanciya a gefensa, ya jiƙa burjin da ke ƙarƙashin kwalta, babbar mota ta taka ya dare. Ko an zuba sabuwar kwalta, in kwalbatocin ƙanana ne, damina biyu ta ishe ta.

Baba, masunci daga Guri: 'Ya'yana, ku yi a hankali da wannan yasar. In an buɗe kogi daga sama aka bar ƙasa a toshe, ruwan da aka kawar wa Haɗejiya mu zai sauka a kanmu, da gudu ma. Daga ƙasa ake farawa a hauro. A fara da inda kogi ya rabu, a buɗe tsohuwar hanyar kogin da reshen Burum Gana, don ruwa ya daina tattaruwa a reshen Marma yana cika tafkin Nguru. Kacalla kuma ba a yanka ta a saman ruwa, mako kaɗan ta tofo. A ƙarƙashin ruwa ake sare ta, kututturen ya nutse ya rasa iska, saiwar ta ruɓe. Wadda aka sare a fitar da ita tudu ta bushe. Ga tsuntsu jan-baki da ke kwana a cikinta, da safe ya sauka a kan shinkafa.

Injiniyan ruwa: Gaskiyarka, Baba. Haka ma lakar da aka kwaso, in an jibge ta a bakin gaɓa ruwan farko zai mayar da ita. A ja da ita baya a yi jinga, ana zubawa kamar taƙi ɗaya ana daddanne ta kafin a ƙara, a dasa jema a jikinta.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar kasafi: Duk kun tsallake abu guda. "A yashe kogi" ba buƙata ba ce, addu'a ce, kowane ɗan takara zai ce amin. A rubuta masa: daga wuri kaza zuwa wuri kaza, kilomita kaza, a cikin kasafin hukumar kogunan, ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa. Kuma shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Kada ku yarda a ce za a yi shi da kuɗin aikin mazaɓa. Wannan na rijiyar burtsatse ne da kekunan ɗinki, ba zai ɗauki kogi ba. Wakilin Haɗejiya, Auyo da Kafin Hausa shi kaɗai ba zai iya ba, sai ya haɗu da na Birniwa, Guri da Kirikasamma, da Sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas, su jawo na Yobe.

Alhaji, kai kuma ka fara tantance wane titi kake nufi. Da yawa daga hanyoyin da ke fito da amfanin gona daga ƙauye na jiha ne ko na ƙaramar hukuma. Kai ƙararsu wurin Sanata ɓata baki ne.

Alhaji mai fataucin shinkafa: Na ji, Hajiya, amma ban sauka ba. Yasa ba ta ƙarewa, bana ka yi, baɗi kacalla ta dawo. Gwamnatin da ke son abin yanka ƙyalle ba za ta riƙa zuba kuɗi kowace shekara a abin da ba a ɗaukar hotonsa ba.

Manomin rani, Auyo: Alhaji ya taɓo inda ke ciwo. An buɗe aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya a nan Auyo a farkon 2023, amma magudana in ba a share ta duk shekara, na ƙarshen layi ba ya ganin ruwa. Alkama kuma tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ta samu sanyin hunturu. In ruwan ambaliya ya kwanta a gona har lokacin ya wuce, an yi asarar damina an haɗa da ta rani. Don haka a ƙara layi biyu a takardar buƙatar: injin yasa mai tafiya a kan ruwa ya zauna a nan da kuɗin mansa da na gyara, sannan a riƙa sanar da ranakun sakin ruwa daga Tiga da Challawa a rediyo tun da wuri.

Baba, masunci daga Guri: A sa har da rufe ruwan na ɗan lokaci da rani, kacalla ta sha rana.

Manomin rani, Auyo: A'a Baba, a wane wata? In an rufe a Fabrairu alkama na fitar da kai, an kashe mu.

Injiniyan ruwa: Bayan girbin alkama, wajen Afrilu. Sai dai masu shinkafar rani na nan a gona a lokacin, sai an ji ta bakinsu kafin a rubuta watan da za a rufe ruwan.