Neman kalma: me za mu kira "human development" a sunan ƙungiyar masana?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a, ina neman ɗauki. An ba ni takardar gayyatar sababbin mambobi ta wata ƙungiyar masana in mayar da ita Hausa, kuma ranar Alhamis za a kai wa mai bugawa. Na gama da kuɗin zama mamba, da taron da ake yi bayan shekara biyu-biyu, da mujalla, da zaɓen shugaba da ma'aji. Sunan fannin ne ya gagare ni, wato "human development". Mutanen nan suna nazarin yadda mutum yake sauyawa tun yana ciki har tsufa: jikinsa, tunaninsa, harshensa, zamansa da mutane. Da wace kalma zan fita?

'Yar Rediyo: Wa alaikumus salam. Ci gaban ɗan Adam mana. Shi muke faɗa a labarai kullum.

Malamar Jami'a: Ƙanwata, wanda kuke faɗa a labarai daban ne. Shi ne na rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fara fitarwa a 1990, aikin Mahbub ul Haq tare da Amartya Sen, inda ake auna ƙasashe da tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. Masu wannan fannin ma suna da tasu ƙungiyar, HDCA, tun 2004. Takardar da ke hannun Malam ta 'yan ɗaya gidan ce, wato ƙungiyoyin masu nazarin yadda mutum yake sauyawa, irin su SRCD da aka kafa a Amurka a 1933 da ISSBD ta 1969. In ya rubuta ci gaban ɗan Adam, masana tattalin arziki ne za su cike fom, ita kuwa mai binciken yadda jariri ke koyon magana ta wuce ba ta san da ita ake ba. Ƙungiya da mambobinta take rayuwa: su ne masu biyan kuɗi, su ne masu turo maƙaloli, su ne masu duba na junansu kafin a buga. Sunan da ya kira waɗanda ba su ba ya cuce ta tun daga bakin ƙofa.

Ɗalibi: Girman ɗan Adam fa, Malama?

Malamar Jami'a: Za a ɗauka daraja ake nufi. Kuma tsoho ya gama girma, amma bai gama sauyawa ba.

Tsohon Malami: Ku dakata, 'ya'yana. Na daɗe da samar wa wannan abu suna: renuwa. Daga reno. A reni yaro, ya renu, renuwa ke nan, kamar yadda muke cewa gyaruwa da ginuwa. Gajeriya ce, Bahaushiya ce tsantsa, ba aro ba jingina. Ƙungiyar Masu Binciken Renuwa. Wa zai ji wannan bai gane ba?

'Yar Rediyo: Baba, a yi haƙuri, ni in na karanta ta a iska rabin masu sauraro rainuwa za su ji, su ɗauka raini ake bincike.

Tsohon Malami: Wannan laifin bakin mai karantawa ne. Ku 'yan rediyo ku kuka cika mana harshe da kalmomin gaggawa. Duk abin da ya zo sai ku ce ci gaba: titi ci gaba, yaro ci gaba, labari ma ci gaba. Sannan dubi takardar nan, mamba, sakatare, fom, mujalla. Ina Hausar take? Me ya hana a ce ɗan ƙungiya da magatakarda?

'Yar Rediyo: Mu da ake ba mu minti goma mu fassara labari, Baba, ba mu da lokacin jiran kwamiti. Kuma kalmar da mutane ba su ji a bakinmu ba a cikin littafi take mutuwa. Mujalla kuwa ta zama tamu kamar yadda littafi da alƙalami suka zama.

Ɗalibi: Ni tambayata ma ita ce, me ya sa za a fassara? Duk wanda zai shiga irin wannan ƙungiya ai yana jin Turanci.

Tsohon Malami: Ka ji irinta ko! Ɗana, da wannan tunanin ne aka bar harshenmu a zaure, ilimi yana can cikin gida.

Malamar Jami'a: A nan ina bayan Baba. Mai binciken zai karanta Turanci, amma iyayen da zai nemi izininsu kafin ya yi hira da ɗansu fa? Da malaman firamare da ma'aikatan jinya da ake so su zo taron bita? Ƙungiyar da ba ta iya gaya musu sunanta ba za ta tsaya a kan mutum talatin ɗin da suka kafa ta. Sai dai renuwa ba za ta ɗauki kayan ba, Baba. Reno yana buƙatar mai yi, kuma a ƙuruciya yake ƙarewa. Ina za mu kai mai binciken mantuwa a wajen 'yan shekara saba'in?

Mai Fassara: Don Allah a tuna da Alhamis ɗina. Ga biyu a gabana: matakan rayuwar ɗan Adam, ko tasowar ɗan Adam.

Malamar Jami'a: Matakan rayuwa tana da daɗin ji, amma ta ɗauki ɓangare a wata tsohuwar muhawara. A cikin masana halayyar ɗan Adam, Piaget ya kasa tunanin yaro mataki huɗu, Erikson ya kasa rayuwa duka mataki takwas, sai dai masana da yawa ba su yarda abin hawa-hawa yake tafiya ba. Paul Baltes ma cewa ya yi a kowane shekaru akwai ƙaruwa akwai raguwa, wanda shi ne wani dalilin da ya sa ci gaba ba ta zauna mini ba. Bai kamata sunan ƙungiya ya kori rabin 'ya'yanta ba. Tasowa ba ta jingina da kowa, illarta kawai kunne yana kai ta ga yara da matasa. A sa ta a sunan, a ƙara layi a ƙasa: tun daga ciki har tsufa.

'Yar Rediyo: Wannan zan iya karantawa ba tare da na tsaya bayani ba.

Tsohon Malami: Kalmar da sai an ɗaura mata layi a ƙasa ba ta cika kalma ba. Amma tasowa tamu ce, ba zan yi faɗa da ita ba. Ni dai a darasina renuwa zan ci gaba da cewa. Kuma a cire mamba.

Mai Fassara: Na gode Baba, na sa ɗan ƙungiya. Sakatare zai zauna, don haka suke kiransa. Sunan ya zama Ƙungiyar Masu Binciken Tasowar Ɗan Adam, da layin Malama a ƙasa. Saura ɗaya: akwai rangwamen kuɗi da kujera a kwamitin gudanarwa ga waɗanda ba su daɗe da gama digirin digirgir ba. Na rubuta masu bincike masu tasowa, yanzu kuma ta yi karo da sunan.

Ɗalibi: Matasan masu bincike.

Malamar Jami'a: Akwai mai gama digirin yana da shekara hamsin, kuma rangwamen ya shafe shi. Sababbin masu bincike ta fi.

Tsohon Malami: Sabon shiga ake cewa.

'Yar Rediyo: Ba dakta da zai yarda a kira shi sabon shiga, Baba.

Mai Fassara: Na sa sababbin masu bincike a yanzu. Wanda ya samo wadda ta fi ta kafin daren Laraba ya turo.