Waɗanda suka taɓa zama Malabo, yaya kuka yi da Sifaniyanci?

Sabon Tela:
Assalamu alaikum. Yayana da ke Malabo ya aiko a kira ni, in Allah ya yarda bayan Sallah zan bi shi in kama masa ɗinki a shago. Abin da ke hana ni barci harshe ne. An ce a Ikwatoriyal Gini Sifaniyanci ake yi, ni kuwa Turancin ma da ƙyar da siɗin goshi. In na tambayi Yaya sai ya ce "kai dai taho." Don Allah wanda ya taɓa sauka can bai iya ko gaisuwarsu ba, ya ba ni labarin makonninsa na farko.

Na Maraɗi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni da gadarata na tafi, tunda ina jin Faransanci, kuma an ce mini sefa suke kashewa. Na sauka, na hau tasi, da muka isa na zaro jikka biyar ta Nijar na miƙa. Direban ya juya takardar gaba da baya, ya ɗaga ta sama kamar mai duba jabu, ya mayar mini yana cewa "no vale." Ashe "ba ta ci" yake nufi. Sefar tasu irin ta Kamaru da Cadi da Gabon ce, a 1985 suka shiga cikinta. Darajarsu ɗaya da tamu, amma tamu ko goro ba za ta saya maka ba a can. Wani Bamale mai shagon kayan masarufi ne ya fanshe ni ranar.

Faransancin ma yana cikin harsunan hukuma a takarda, amma a titi baƙi 'yan'uwanka kawai za ka yi shi da su. Ka fara haddace ƙidaya: mil dubu ɗaya, dos mil dubu biyu, quinientos ɗari biyar. Sai kalmar "cerdo", alade ke nan. Kafin ka sa hannu a miya, nuna ta da yatsa ka ce "cerdo?" Na yi sati biyu a kan burodi da kifin gwangwani kafin wani ya koya mini wannan.

Baba Ɗan Panya:
Yaro, ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. A garin nan aka yanke mini cibiya, lokacin sunansa Santa Isabel, tsibirin da garin yake a kai kuma Fanandofo. Mu da Inyamurai da mutanen Kalaba duk "Panya" muke ce masa, daga España da Turawan wurin ke kiran ƙasarsu. Mahaifina ba lebura ba ne, ɗan koli ne, yana bin gonakin koko ƙarshen wata in an biya ma'aikata. Gonakin nan mafi yawan leburorinsu 'yan Najeriya ne, tun yarjejeniyar ƙwadago da Ingila da Sifaniya suka ƙulla a 1942. Har yau in na ji warin koko da aka baza yana shan iska, sai in tuna bayan keken Baba, da akwatin madubai da allurai da turare yana bugun gwiwata.

Zancen harshe kuwa, mahaifina ya shekara ashirin a can, Sifaniyancinsa bai wuce na ciniki ba, kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. Abin da garin ke yi a kasuwa da bakin ruwa shi ne Pichi, wani Turancin buroka da ya zo da mutanen Saliyo tun da Ingilishi suka kafa garin a 1827. Sifaniyanci na makaranta ne da ofis da coci. Ni da na yi firamare a wurinsu na iya, har nakan karanta wa maƙwabta takarda.

An ba su mulkin kai ranar 12 ga Oktoba, 1968, ina ɗan yaro, na ga ana ta kiɗa. Daga baya shugaban ƙasar na farko, Macías Nguema, ya juya wa kowa baya. Turawa suka watse, albashin lebura ya tsaya, shaguna suka zama kango, tsibirin ma ya laƙaba masa sunan kansa. Mutum ya fita da safe, shi ke nan. A ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976 gwamnatin Murtala ta aiko jiragen ruwa da na sama aka kwashe dubban mutane. Mahaifiyata ta fito da tukunya ɗaya da ƙunshin zannuwa, keken ɗinkinta a ɗaki muka baro shi. Ban sake komawa ba.

Sabon Tela:
Allahu Akbar. Baba, Allah ya jiƙan magabata. To Pichin nan har yanzu ana yin sa?

Mai Walda:
Ana yi sosai, amma Baba ya yi mini afuwa, zamani ya ɗan juya. Shekarata huɗu a Malabo ina aikin gini. Tun da aka haƙo fetur wajen 1995 'yan ƙabilar Fang, mutanen ɓangaren ƙasar da ke tudu ba tsibiri ba, suka cika birnin, da yawansu kuma ba sa Pichi, sai Fang da Sifaniyanci. Bubi, 'yan asalin tsibirin, da tsofaffin unguwanni su ne za ka yi buroka da su a fahimce ka. In ka taɓa zama Legas ko Sabon Garin Kano, kunnenka zai kama rabi. Amma mai kaki in ya tsayar da kai ba zai yi maka Pichi ba ko ya iya. "Documentos" zai ce, wato takardu, ko "residencia," takardar izinin zama.

Hajiya Mai Atamfa:
A nan nake son ka buɗe kunne, ɗana. Ni ban shiga ta tsibiri ba, ta ƙasa nake bi, daga kasuwar Kye-Ossi a Kamaru, in tsallaka Ebebiyin, in gangara Bata. Mutane na ɗauka ƙasar tsibiri ce kawai, alhali mafi yawan ƙasar da jama'arta suna tudu, tsakanin Kamaru da Gabon. Tafiyata ta farko aka sauke mu a wani shinge cikin daji, mutumin na ta tambayata ina ta cewa "sí, sí," wato "e, e," don ita kaɗai na iya. Ashe tambaya yake ko kayan da ke cikin buhun na sayarwa ne ba tare da takarda ba. Na yini a kan benci, sauro na ci na, sai da wata mata Bafang da muke mota ɗaya ta dawo ta yi mini tafinta. Abin da ba ka gane ba kada ka ce masa "sí." Ka ce "no entiendo," wato "ban gane ba," ka yi shiru, ka kira yayanka. Takardunka kuma su zama kamar layarka, ko shago za ka leƙa.

Wani abin dariya, duk Musulmin da suka gani da doguwar riga "hausa" suke ce masa, ko Basanagale ne. Ka je masallaci ranar Juma'a, kafin a sallame ka sami mai yi maka jagora.

Direban Luba:
Ni a mota na koyi nawa. Wata shida ina jigilar wasu masu binciken namun daji daga Malabo zuwa Moka, can saman dutse inda sai da bargo, da kuma Ureka a kudancin tsibirin. Kalmar da na fara riƙewa "lluvia," ruwan sama, don kullum ita ke bakinsu. Ureka na samun sama da milimita 10,000 a shekara, kusan ruwan Kano na shekara goma. Takalmina na fata ya yi furfura a sati guda. Tela, ka nemi leda mai kauri ka riƙa naɗe yadin mutane, in ba haka ba za ka biya abin da ba ka ci ba.

Ta biyu "tortuga," wato kunkuru. Wani dare cikin Disamba suka tashe ni, aka hana kunna tocila, muka zauna a kan baƙin yashi. Sai ga wata kunkurun teku ta fito, girmanta ya kai ƙofar ɗaki, tana jan jiki tana nishi kamar mai naƙuda. Ta tona rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai farare kamar ƙwallon tebur, ta binne, ta koma ruwa ko waiwaye babu. Na yi ta salati ban sani ba. A dajin wurin kuma na ga wani biri dangin bika mai baƙar fuska da suke kira dril. Tun 2007 aka haramta farautar birai, amma a kasuwa na sha ganin su a babbake gefen gada da beguwa. Nama dai ka tsaya wurin mahautanmu.

Na Maraɗi:
Duk kun manta da babbar kalmar sana'arsa. Mañana, wato gobe. Tela in ya iya wannan ai ya gama digiri.

Sabon Tela:
Haba Malam, ni ba na saɓa alkawari. Na rubuta duka a littafin awo. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Baba Ɗan Panya:
Yaro, in ka isa lafiya ina da roƙo. Akwai wani babban coci mai dogayen hasumiya biyu kusa da bakin ruwa. Da su nake gane hanyar gida in an taso mu daga makaranta. Ka ɗauko mini hotonsa, da titin da ya bi ta bayansa.

Mai Walda:
Baba, gobara ta ci rufinsa a farkon 2020, amma hasumiyoyin na nan tsaye. Titin baya ne ban ce za ka gane shi ba. Ina da hoton wurin a tsohuwar wayata, bari in caja ta in duba.