Yawurt a kokot ta kuran, wa ta taɓa yi ya kama mata?

Maman Ihsan, Yantala:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku, ya gida ya yara. Don Allah tambaya gare ni ga masu kokot ta kuran, wato tukunyar lantarki, irin wannan da ke dafa wake da naman kai cikin ɗan lokaci. Ƙanena ne ya aiko min da ita daga Kwatano, to a jikinta akwai buton da aka rubuta Yogurt, na ce alhamdulillahi na huta da sayen na leda kullum don yaran nan in ba su sha ba da la'asar ba zaman lafiya gidan. Na dama madarar gari da ruwan ɗumi, na zuba yawurt na leda guda mai sukari wanda na aika aka sayo a butikin unguwa, na rufe na danna buton na je na kwanta. Da safe na buɗe na tarar abin ruwa-ruwa, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, ga kuma ƙanshin yajin naman da na dafa shekaranjiya duk ya shiga ciki. Kuma kuran ya ɗauke cikin dare ban san tsawon da ya yi ba. To laifin madara ne ko na tukunya ko na kuran? Kuma dole sai an rufe har iska ta taru kamar in ana dafa wake?

Hajiya Balki, Lazare:

Wa alaikumus salam Maman Ihsan. A'a ba ruwan yawurt da tara iska, ki bar ɗan bakin nan na sama a buɗe, ni faranti ma nake ɗorawa a madadin murfin. Aikin tukunyar guda ne kawai, ta riƙe miki ɗumi tsakanin digiri 40 da 45 na tsawon awa takwas, don a wannan ɗumin ne ƙwayoyin da ke kama madara suke aiki. In ya yi ƙasa sai su yi lalaci abin ya zo da yauƙi, in ya haura 50 su fara mutuwa.

Ni zargina ya fi tafiya kan irin da kika zuba. Na leda mai sukari ɗin nan yawanci tsinkakke ne don sha aka yi shi, kuma ki tuna firigon butiki sau nawa yake mutuwa a yini, kafin ya zo hannunki ƙarfinsa ya tafi. Ki nemi na ɗan gwangwanin roba mara sukari mara ƙanshi, natir ake ce masa, ki duba kwanan watan da ke jiki ki ɗauki sabo. Cokali biyu na cin abinci ya isa litir guda, kar ki ce bari in cika don ya fi kamawa, yawan iri tsami yake kawowa da gudaji.

Ga yadda nake yi. Madarar gari mai maiƙo irin su Nido, giram 150 cikin ruwa litir guda, ya ɗan fi abin da ake damawa na sha kauri, da gangan ne. In kin danna buton ɗin sau biyu ko uku yawancinsu suna nuna boil, to wannan zai kai madarar wajen digiri 82 zuwa 85, kuma kar ki tsallake shi ko da madarar gari ce, wannan zafin shi ke sa yawurt ya tsaya da jikinsa bai saki ruwa ba. Sai ki ciro tukunyar ciki ki tsoma gindinta a baho mai ruwan sanyi har ta sauko 43. In ba ki da tarmomet ki wanke hannu da sabulu ki sa ƙaramin yatsa, in kin ƙirga goma ba ki ji ƙuna ba amma ɗumin na nan to ya yi. Ki ɗebi ludayi guda na madarar ki dama irin a ciki tukuna sannan ki juye, ki motsa a hankali, ki maida ki danna awa takwas. Daga nan kar ki buɗe kar ki jijjiga, in ya gama ki sa firigo ya kwana kafin cokali ya taɓa shi. Sukari da banil sai a ƙarshe, lokacin sha.

Maganar ƙanshin yaji kuwa robar nan ce ta cikin murfi, ita ke shan warin duk abin da aka dafa kuma wanki ba ya fidda shi gaba ɗaya. Shi ya sa na ce miki faranti.

Inna Rabi, Tawa:

Ikon Allah, yanzu har nono sai da kuran. Mu nan Tawa tun muna ɗiya ƙanana muka ga ana tahasa madara da marece, a bari ta huce, a zuba ɗan nonon jiya a ƙwarya a rufe da faifai, da sahe an samu kindirmo na dama hura. Ɗiyata ki ji, watan Afrilu da Mayu da zahi ke kai arba'in da wani abu ɗakinki ma ya isa, ko tukunyar ba a kunna ba ya kama. Lokacin ɗari ne, Disamba da Janairu, za ta yi miki rana don nan ne nono ka ƙin kwana.

Hajiya Balki, Lazare:

Inna gaskiyarki ce, ni ma da zafi wani lokacin awa biyar zuwa shida ya ishe ni, in na bar shi takwas sai ya yi tsami. Sai dai kindirmo da yawurt ba ɗaya suke ba a baki, ƙwayoyin ƙwarya daban ne kuma kowace ƙwarya da nata ɗanɗano, shi kuwa yawurt iri biyu ne sanannu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, masu son ɗumi sosai. Yaran yanzu kuma kin san su, wanda suka saba da shi suke nema.

Abdu mai gyaran firigo, Bukoki:

Salam Hajiyoyi, ku yi haƙuri namiji ya shigo maganar kicin, ɓangaren kuran zan taɓa. Tanti Maman Ihsan in kuran ya ɗauke wasu tukwanen ba sa ci gaba daga inda suka tsaya, sai an sake dannawa. Amma kar ki tada hankali, jikinta na riƙe ɗumi, ki bar ta a rufe ki lulluɓe da bargo ko babban tawul, awa biyu uku ba zai ɓata ba, in ya dawo ki ƙara mata lokacin da ta rasa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne buton ɗin ajiye abinci da zafi, mutane da yawa da tukunyarsu ba ta da na yawurt shi suke dannawa, alhali zafinsa ya haura digiri 60, kashe irin yake yi ƙurmus. Wadda ba ta da buton ɗin yawurt gara ta ɗumama tukunyar ta kashe ta zare waya ta lulluɓe kawai.

Sannan duk wadda aka aiko mata daga Amurka ta duba takardar da ke manne a gindi, ƙarfin kuran ɗinsu bolt 120 ne mu kuma 220 muke da shi, in ba tiransifo aka jona to sai dai a kawo mana shago. Ta Kwatano dai galibi 220 ce, amma ki duba.

Ummu Sadik, Talaje:

Ƙarin bayani kaɗan ga mai son yi da madarar shanu ta Fulani, tana yin daɗi ƙwarai har da maiƙo a sama, amma ita kam a tafasa ta sosai a kan wuta tukuna, ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin da ake kira buruselos, ɗumin 43 kuma ba ya kashe su. Madarar kwali mai daɗewa ita ce ba ta bukatar tafasa, zuba iri kawai ki danna. In kina son mai kauri na dege ki juye shi a tsaftataccen ƙyalle mara kauri a kan matata, ki sa cikin firigo awa biyu zuwa uku ruwan ya tsiyaye, ruwan kuma kar ki zubar, ana kwaɓa fanke da shi. Ki riƙa ɗibar cokali biyu tun farko kina ajiyewa na gaba kafin yara su sa hannu, in ya fara rauni bayan 'yan zagaye ki sayo sabon iri.

Maman Ihsan, Yantala:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Inna Rabi ki gaida mutanen Tawa. Malam Abdu na duba gindin, 220 ce. Hajiya Balki tambaya guda ta rage, in na ɗora faranti maimakon murfinta buton ɗin zai yarda ya tashi kuwa? Don in wake nake dafawa ba ta yarda sai murfi ya shiga daidai, sai ta yi ta ƙara.

Hajiya Balki, Lazare:

Tukunyata dai tana tashi a kan yawurt ko ba murfi, amma kamfani-kamfani ne. In taki ta ƙi, ki cire robar ki ajiye gefe ki rufe da murfin haka nan, tunda ba iska za ki tara ba. Ki ɗan ɗauraye cikin murfin da ruwan zafi da lemun tsami kafin nan.