Kulle tsofaffin finafinai ake yi ko ruɓewa suke yi?

Rashid: Assalamu alaikum jama'ar Nima ta Accra. Maganata ɗaya ce: da gangan manyan kamfanoni suke kulle tsofaffin finafinai don mutane su ƙagu, ranar da aka fito da su a yi rububi. Disney ta daɗe tana haka. Ta saki kaset ko faifai na ɗan lokaci, ta janye shi daga kasuwa, sai an yi shekaru kafin ka sake ganinsa. Har talla take yi wai ka saya kafin a mayar da shi ma'ajiya. Meye bambancinta da ɗan kasuwar da ya kulle masara a sito yana jiran ta yi tsada?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ai ya wuce. Tun da suka buɗe manhajar kallo ta Disney+ a 2019 suka zuba yawancin tsofaffin a ciki.

Rashid: Hajiya, salo kawai suka canza. Warner Bros. ta kashe kusan dala miliyan 90 a kan fim ɗin Batgirl, aiki ya kusa ƙarewa, a 2022 ta ce ba zai fita ba. A 2023 Disney ta kwashe shirye-shirye da dama daga manhajarta.

Malam Isa: Rashid, kana haɗa abu biyu. Wanda yake son kaya su yi tsada yana da niyyar sayarwa wata rana. Waɗannan kuwa gudun kashe kuɗi suke. Muddin shiri yana kan manhaja akwai kason marubuta da 'yan wasa da ake biya, in an cire shi kuma a rubuta shi cikin asara, haraji ya ragu. Wani tsohon shirin ma waƙoƙin cikinsa ne suka riƙe shi, izininsu ya ƙare, sabuntawa da tsada. Rowa ce, na yarda, amma ba dabarar jawo ƙaranci ba.

Kawu Danjuma: Yaran nan kun tafi Amurka kun bar namu a gida. Mu da muka yi layi a gidajen silima na Dunia da Orion da Rex, ina finafinan da muka kalla? Gwamnatin Nkrumah ce ta kafa kamfanin fim na ƙasar Ghana, da kuɗin jama'a. A 1996 aka sayar wa 'yan Malesiya kashi 70 cikin ɗari, a 1997 aka buɗe tashar TV3, hankali ya koma talabijin, ma'ajiyar fim ta rasa mai kula. Babu wanda ya ɓoye su don riba. Na taɓa buɗe gwangwanin fim a wani tsohon ɗakin majigi, warin tsami ya bugi hancina, zaren ya manne da juna, in ka ja sai ya karye a hannunka. Kaset ɗin bidiyo kuwa fumfuna ke cinye shi, ka ga fari-fari ta cikin gilashin. Da ba don asalin wasu da aka ajiye a Landan ba, waɗanda Chris Hesse, mai ɗaukar hoton Nkrumah, ya yi ta fafutuka a kansu, da jikokinmu ba su ga komai ba. Abin yana ci mini rai wallahi.

Hajiya Rabi: Allah sarki, Yaya. Orion ma ka tuna mini.

Zainab: Kawu, ni a nan nake ganin maganar Rashid ta tsaya da ƙafarta. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 shekara 70 take kare fim. Zaren fim a zafin Accra da danshinta ba zai jira shekara 70 ba. Mai shi bai nuna ba, bai gyara ba, in wani ya kwafa kuma a ce ya yi sata. Ko da niyya ko da sakaci, hannunsa ne a kan ƙofar. Ya kamata wanda ya bar fim a kulle shekaru masu yawa a tilasta masa miƙa kwafi ga ma'ajiyar ƙasa.

Malam Isa: Miƙa kwafi na yarda, Zainab. Amma wace ma'ajiyar? In babu ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa da ma'aikaci mai albashi, gwangwanin da Kawu ya buɗe za mu sake tarawa. A fara da kuɗin wannan tukuna.

Rashid: A fara, Malam. Amma zancen Disney ban janye ba.