Neman kalmar Hausa ga lambar da ake rubutawa a jikin baka

Mai tambaya, daga Birni:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ƙanena da ke karatu a Yamai ya shiga wasan harbin kibiya, ya kuma roƙe ni in taya shi zaɓen sabon baka irin na gargajiya, wanda babu na'urar saiti a jikinsa, itace ne da tsarkiya kawai. Kowane baka da muka duba an rubuta masa lambobi biyu a kusa da mariƙi, misali 30 da 28. Ta farko ita ce masu Faransanci ke kira «puissance», kuma tana nuna laba nawa hannu zai ɗauka idan an ja tsarkiya har inci 28, wato kimanin santimita 71. Laba ɗaya kuwa gram 454 ce. Da kawunmu, wanda shi ne zai biya kuɗin, ya tambaye ni ma'anar lambar, sai na rubuta masa a waya cewa «ƙarfin baka» ce. Amsar da ya aiko ita ce shi a saninsa ƙarfin baka na maroƙa ne da dillalan Kasuwar Dole. Ina neman kalmar da za a rubuta, mai karatu ya gane ba tare da an tsaya yi masa bayani ba.

Wani malamin makaranta, daga Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Kawunku tsokanarka yake yi, domin a furuci bakan harbi da baka na magana ba su taɓa rikicewa ba, karin sautinsu daban ne, kuma duk inda aka ambaci kibiya ko kwari mai karatu ya san inda aka dosa. Abin da ya sa ni ma ban yarda da «ƙarfin baka» ba wani ne dabam: fassarar tana ɗauko kuskuren kalmar Faransancin ta kawo mana. Lambar ba ta auna abin da baka ke yi wa kibiya, tana auna abin da yake nema daga kafaɗar maharbi. Bakuna biyu suna iya ɗaukar lamba 40, amma mai tanƙwararrun kawuna, irin na Turkawa da Mongol da ake haɗawa da ƙaho da jijiya da itace, yakan fi miƙaƙƙen bakan itace zalla saurin kibiya. Sannan duk saurayin da aka ce masa wannan lamba ƙarfi ce, babbar zai nufa don kada a raina shi.

Wani jikan maharba, daga Mirya:
Malamai, ku yi mini izini. Kakana bai san laba ba, amma idan aka miƙa masa baka yakan ɗana shi, ya ja tsarkiya sau biyu ko uku ba tare da ya saki ba, sannan ya ce wannan ya yi tauri, wancan ya yi laushi, na yara ne. Tunda kalmar tana bakin masu sana'ar tun asali, ina ganin «taurin baka» ya fi dacewa da duk wadda za mu ƙirƙira.

Malamin makaranta:
Maganarka tana da tushe, ɗan'uwa, kuma a bakin maharba haka za a ci gaba da faɗa. Sai dai tauri yana da wani aiki da ke jiransa a wannan fanni. Masu sayarwa suna auna yadda sandar kibiya ke lanƙwasawa idan aka rataya mata nauyi a tsakiya, domin kibiyar da ta cika laushi ko ta cika tauri ga bakanta ba ta tafiya daidai. Wannan awon ba shi da sunan da ya fi «taurin kibiya», kuma idan muka ba ma'auni biyu suna ɗaya, mai saye zai ruɗe a kan takarda guda.

Mai tambaya:
Na gode muku. Jiya da la'asar na gwada abin da idona. Na ari wani tsohon baka a wurin maƙwabcinmu, na ɗora mariƙinsa a kan turke biyu da na kafa a bango, tsarkiya tana kallon ƙasa, na ɗaura bido a tsakiyarta da igiya, ɗana yana zuba ruwa da moɗa ni kuma ina riƙe da ma'aunin tela. Tsarkiyar ta riƙa sauka a hankali, itacen yana ɗan ƙara, har na tsayar da yaron tun ba mu kai santimita 71 ba, don kada in karya kayan mutane. Amma na ga abin da nake nema. Tunda litar ruwa kilo ɗaya ce, baka mai lamba 30 shi ne wanda sai an rataya masa kusan lita 13 da rabi kafin tsarkiyarsa ta kai wurin. Ashe lambar nauyi ce ta zahiri, irin wanda mai jan guga yake ji a hannu kafin guga ta iso bakin rijiya.

Saboda haka ina ba da shawarar «nauyin jan tsarkiya», a taƙaice «nauyin ja». Ban ce «nauyin baka» ba, domin wannan nauyin itacen ne idan an ɗora shi a sikeli, wanda sau da yawa bai kai kilo ɗaya ba, kuma kawunmu zai sake samun abin dariya da nauyin baki. Wanda ke tsoron a karanta «ja» a matsayin launi ya tuna cewa tsarkiya mace ce, da launi ake nufi da «jar tsarkiya» za a ce.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne kalmar ta zo da abokiyarta. Lamba ta biyu, wadda Faransawa ke kira «allonge», sai ta zama «tsawon ja», kuma da su biyun ana iya bayyana dukan zaɓen da Hausa tsantsa. Ana kimanta tsawon jan mutum ta hanyar auna buɗaɗɗun hannayensa daga yatsa zuwa yatsa a raba da 2 da rabi. Na ƙanena santimita 175 ne, ya ba da 70, wato ya ɗan gaza inci 28. Duk incin da mutum ya ƙara ko ya rage, nauyin ja yana hawa ko sauka da kimanin laba 2, don haka dogon mutum yana ɗaukar fiye da abin da aka rubuta. Dogayen bakunan yaƙi da aka samu a jirgin ruwan Ingila mai suna Mary Rose, wanda ya nitse a 1545 aka tsamo shi a 1982, an kimanta nauyin jan mafi yawansu sama da laba 100, amma masu su tun suna yara suke ja. Sabon shiga ana ba shi shawarar laba 20 zuwa 30, wanda zai iya ja har kusurwar bakinsa ya riƙe ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Jikan maharba:
Na yarda da «nauyin ja» a rubuce, amma a gida zan ci gaba da cewa tauri.

Mai tambaya:
Babu saɓani a nan, ɗan'uwa. Na rubuta wa kawu cewa muna son baka mai nauyin ja laba 25 a tsawon ja inci 28, kuma wannan karon tambayarsa ɗaya ce, nawa ne kuɗin har da kibiyoyi.